Yana ce mini babu, ni kuma ina ɓoye kwalaye a ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum Gwaggo. Shekarata huɗu da aure, uku daga ciki a nan Jidda, muna da yara biyu. Maigidana ɗan Katsina ne, yana aiki a wani kamfanin kago da ke aika wa 'yan kasuwa kaya gida. Lokacin da yake nemana babu abin da bai yi mini ba, har lefen da aka yi mako ana zancensa a unguwarmu a Kano. Yanzu ko abaya na ce ina so sai ya ce ina ta watan jiya, in na dawo daga bagala, wato shagon unguwa, sai ya nemi fatura, wato rasit. Ni kuma ga bukukuwa, matan da muke hulɗa da su ba sa maimaita kaya. Na fara sayayya ta waya ana biya kashi-kashi, da sunan wata ƙawata, yanzu ana bina riyal 3,200. Ina cikin adashi biyu, ɗaya na riga na kwasa. Na sayar da awarwaro ɗaya cikin na sadakina na rage bashin, bai sani ba. In ɗan aike ya kawo kaya sai in tura ƙarƙashin gado. Kwanaki na duba wayarsa, na ga duk wata yana tura wa yayansa riyal 1,500 wai na gini. Tun ranar raina ya ɓaci da shi, muka yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yau kwana tara a falo yake kwana. Gwaggo, rowa ce ko ya daina sona ne? In gaya masa maganar bashin ko in lallaɓa in biya a ɓoye? Ga bikin ƙanwar ƙawar tawa wata mai zuwa, har an fitar da anko.

Maman Biyu, Jidda

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da biro a hannu. Kin ba ni 3,200, kin ba ni 1,500, amma lambar da nake nema ba ta ciki. Nawa ne albashin mijinki? Da kin sani da kin rubuta. Shekara uku kina kwana kina tashi da mutum a ƙasar da ba taku ba, kin san abin da ke fita zuwa Katsina saboda kin leƙa, ba ki san abin da ke shigowa ba. Shi kuma bai san me ke ƙarƙashin gadon da ya ƙaurace wa ba. Kowannenku ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci da rabin lissafi, ke kin ce marowaci, shi kuma, ko bai furta ba, na san a ransa yana cewa almubazzara.

Tun da ba ki san nauyin da ke wuyansa ba, bari in ɗan ɗaga miki gefensa, don wannan ɓangaren ba sai na san mijinki ba. Idan ke da yaran kuna ƙarƙashin igamarsa ne, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan, kamar yawancin iyalan ma'aikata baƙi, to akwai kuɗin da yake biya a kan kowannenku. An fara karɓarsa a watan Yulin 2017 a kan riyal 100 duk wata kan mutum ɗaya, yana ta hawa shekara-shekara har ya tsaya a 400 daga Yulin 2020. Ku uku ke nan 1,200 a wata, 14,400 a shekara, kafin a sayi ko buhun shinkafa. Ba don komai ake biyansa ba sai don ki zauna kusa da shi. Na san maza da yawa masu mutunci da suka kasa, suka mayar da matansu gida suna kuka a filin jirgi, suka koma zaman gwauranci mutum huɗu a ɗaki. Naki bai mayar da ke ba. Ki riƙe wannan a gefe guda, za mu dawo kansa in mun zo maganar so.

Sai haraji. Faturar nan da yake nema, ki ɗauki ɗaya ki duba ƙasanta. Kafin 2018 babu harajin sayayya a ƙasar nan sam. Aka sa kashi 5, sannan a Yulin 2020 ya koma kashi 15. A shekarar 2018 ɗin dai aka ƙara kuɗin wuta da na mai, kuma kin san Jidda, daga watan biyar zuwa watan tara in ka kashe na'urar sanyaya ɗaki yara ba sa barci. Ga haya. Ke kin zo bayan an yi rusau, ba ki ga yadda aka yi ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe unguwanni irin su Gulail da Fetromin da Karantina da Sabil, inda talakawa da baƙi da yawa, har da mutanenmu, suke samun ɗaki mai sauƙi. Jama'a suka watsu neman shagga, wato gidan haya, a lokaci ɗaya, kuɗin haya ya tashi. Ni kaina sai da na yi wata biyu da kayana a ɗaure a gidan ɗiyata. Albashin mutane irin mijinki kuwa ba kasafai yake bin waɗannan abubuwa a guje ba.

Ba ina wanke shi ba ne, akwai nasa a gaba. So nake ki daina auna shi da mutumin da ya zo neman aurenki, don wancan mutum ne da ya zo gida hutu. Duk wadda ta auri ɗan Saudiyya daga gida ta san shi. Ya shekara biyu yana cin burodi da ful, yana kwana a ɗakin haɗaka, yana tara riyal ɗaya bayan ɗaya, sai ya sauka Kano da farar jallabiya da ƙamshin oud ya kashe tarin shekara biyu cikin kwana talatin. Wa zai ga haka bai ce arziki ba? Kallon kitse aka yi wa rogo, ke da iyayenki da 'yan unguwa, shi kuma ya ji daɗin kallon bai gyara muku ba. Laifinsa na farko ke nan, kuma babba ne: shi ya koya miki cewa in yana sonki zai ba ki abu a leda. Da ledar ta daina zuwa sai kika ɗauka son ne ya tafi. Ba ki yi wauta ba da kika ɗauka haka, da ma'aunin da ya miƙa miki kika auna.

To amma ke ma fa, 'yata.

Ban yarda abaya kike saya ba. Jiki ɗaya gare ki, kuma in na ce ki jawo kwalayen nan ki buɗe, na rantse za a samu waɗanda ko takardar kuɗin ba a cire musu ba. Kin zo baƙuwa cikin matan da aka haifa a nan, kakanninsu suka zo tun zamanin da ake tahowa a ƙasa ta Sudan, a tsallako teku daga Sawakin. Suna juya Larabci kamar ruwa, suna da uwa da inna da ƙanne a layi ɗaya, in an yi dariya ba kullum kike gane abin dariyar ba. Ke ba ki da kowa sai miji mai fita da safe ya dawo bayan isha'i. Abin da ya rage miki da za ki shiga da shi cikinsu kai a ɗage shi ne abin da ke jikinki. Sannan ga na gida, waɗanda ke bin hotunanki a WhatsApp suna cewa matar Saudiyya, ga ƙanwa na son jaka, ga gwaggo na son ajwa da turaren wuta, ga wanda ya zo Umara dole a haɗa masa tsaraba kada a koma a ce an same ki a tsiya. Kunya kike saye da kuɗin nan, kuma ita kunya ba ta ƙoshi. Kin fita ta wannan bikin, ta gaba na jiranki.

Abin da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, shi ne mijinki ma kasuwa ɗaya kuke ci. Ke kina saye a wajen matan biki, shi yana saye a wajen 'yan'uwansa. A farkon 2023 riyal ɗaya bai fi naira ɗari da 'yan kai ba a farashin hukuma. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin 2024 ta yi nisa riyal ya kai wajen naira 400, saboda shi riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Ke nan a wannan farashin 1,500 ɗin nan in ta sauka Katsina ta zama kusan naira 600,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi aka mayar da shi 70,000 a 2024. Wanda ke karɓar wannan duk wata, ta yaya za ka gaya masa kana cikin matsi ya yarda? Shi ma mijin naki ya zama fursunan sunan da ya yi wa kansa. Ya fi masa sauƙi ya ce miki babu da ya ce wa yayansa babu, don ke kina kusa, fushinki na cikin gida ne, nasu kuwa zagaye dangi yake yi.

Bari in tsaya a kan wannan biya kashi-kashi, don shi ne ramin da kika faɗa, kuma ba ke kaɗai ba. Manhajojin nan irin su Tabby da Tamara tsarinsu a fili yake, ba su ɓoye komai ba: ana raba kuɗin kaya gida huɗu, ki biya ɗaya yanzu, sauran uku wata-wata. Matsalar a idon mai saye take. Rigar 400 sai ta bayyana miki a matsayin 100. Kin ga 100 ba komai ba ce, kika ƙara takalmi, kika ƙara jaka, kika ƙara na yara. A wata ɗaya kin yi sayayya huɗu, a ranki kin kashe 400, alhali kin ɗauki 1,600, kuma wata uku masu zuwa kowanne ya zo da 400 ɗinsa a goshi kafin ki taɓa komai. In a wata na biyu kika sake, sai su hau kan juna. Haka 3,200 take taruwa ba tare da mutum ya taɓa jin ranar da ya ci bashi ba.

A zamaninmu bashi yana da fuska. Ina amarya a ƙasar nan na taɓa karɓar saitin tangaran a hannun wata dillaliya, na ɓoye shi a ɗakin maƙwabciyata, ina biya da abin da nake tsakura daga kuɗin cefane. Wata biyu na yi ina fargaba, duk sallamar da aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi. Ranar da na makara da biya ta zo, kuma ta zo daidai lokacin da marigayi maigidana yake cin abincin rana. Ba ta ce komai ba baiwar Allah, zama kawai ta yi tana gaishe shi tana ƙara gaishe shi, har ya gane. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma wannan kunyar ita ce birkinmu, ba ka iya karɓar na biyu alhali matar na zaune a tabarmarka. Waya ba ta zuwa ta zauna. Ƙarfe biyun dare, yara sun yi barci, miji na falo, ranki a ɓace, sai ki danna. Ki lura da kanki, ina kyautata zaton a kwana taran nan kin ƙara sayen wani abu.

Naki ma yana da fuska, kin manta ne kawai. Da sunan ƙawarki kika ci. Ranar da kika kasa biya, sunanta ne zai ɓaci, daga katinta za a cire kuɗin, ita kuma tana da miji. Asirinki yanzu yana hannun mace ɗaya da duk wanda ta ga dama ta gaya wa, kuma ga biki na tahowa a gidansu, lokacin da kowa ke neman kuɗinsa. Wannan kaɗai ya amsa tambayarki ta biyu. Ba ki da zaɓin biya a ɓoye, zaɓinki shi ne ya ji daga bakinki ko ya ji daga bakin mijin ƙawarki a ƙofar masallaci. Namiji yana iya haɗiye bashin matarsa. Abin da ke tsaya masa a maƙogwaro shekara da shekaru shi ne wani ƙato ya riga shi sanin abin da ke cikin ɗakinsa.

Na san za a samu wadda za ta kawo miki hadisin Hindu 'yar Utba, don mata muna sonsa. Ta je wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta sai abin da ta ɗauka bai sani ba. Ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai ki dubi kalmar, abin da zai isa. A wasiƙarki ba ki ce kuna kwana da yunwa ba, ba ki ce yaro ya yi zazzaɓi an hana ki kuɗin magani ba, ba ki ce ba ki da suturar fita ba. Da kin faɗi ɗaya daga ciki da amsata ta canza gaba ɗaya, da na ce ki kira waliyyinki yau. Abaya ta tara ba ta shiga hadisin Hindu.

Shi ma kuma kada ya ɗauko ayar almubazzarai ya tsaya a nan. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce wurin a Risala: ciyarwar da ta wajaba a kan namiji ita ce ta matarsa, ko tana da dukiya ko ba ta da ita, da iyayensa in matalauta ne, da 'ya'yansa ƙanana. Yaya ba ya cikin jerin, taimakonsa zumunci ne da lada, bayan an sauke wajibi. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. To ta yaya mace za ta san a wane layi mijinta yake in ya rufe mata littafin? Mai iya fitar da 1,500 duk wata ba zai ce wa matarsa babu ya yi shiru ba. Ya ce akwai, amma ga inda take tafiya, ga dalili. Neman fatura kuma a kan tumatir da madarar yara, wannan wulaƙanci ne ko bai nufa ba. Matar gida ba yaron shago ba ce. Macen da ake ƙirga wa canji ita ce ke koyon ɓoyo, na ga haka ya fi a ƙirga.

Kada ki ji kamar gidanku ne ya lalace don kuɗi ya shiga tsakani. Maganar ciyarwa ta taɓa tashi a gidan da ya fi kowane gida. Matan Annabi sun nemi ƙari, ya ƙaurace musu wata guda, har aka saukar da ayoyi na 28 da 29 na Suratul Ahzab aka ba su zaɓi, suka zaɓe shi. A fili aka yi maganar, aka gama ta.

Game da ginin nan, kada ki yi saurin ƙinsa. Ba ki san ko na waye ba. Mu nan duk daɗewarmu baƙi ne, zamanmu a rataye yake da takarda. Kamfani na iya rufewa, kafili, wato wanda ya tsaya wa mutum a kan takardar zamansa, na iya cewa ya gama, a buga wa mutum fita ta ƙarshe ya tattara shekara ashirin a akwati huɗu. Na ga waɗanda suka koma gida da furfura suka sauka a ɗakin soro na gidan gado, matan da suka yi gwal har gwiwar hannu suna raba kicin da matan ƙanne. Idan gidan nan naku ne, to mijinki rufin asirinki yake ginawa, kuma kuɗin ya fi amfani a can da a ƙarƙashin gado. Tambayar da ta dace da ke, in lokacinta ya yi, ita ce: takardar filin da sunan wa take, kuma wa ya taɓa zuwa ya gani da idonsa? Ba zargin yayansa nake ba, ban san shi ba. Amma labarin wanda ya shekara goma yana aike ana turo masa hoton ginin maƙwabci ba sabo ba ne a cikinmu, kuma mace mai hankali tana iya sa mijinta ya bincika ba tare da ta zagi ɗan'uwansa ba. Ki ce mahaifiyarsa ko wani amininsa ya leƙa ya ɗauko bidiyo, don yara su ga gidansu.

Wayarsa kuwa kada ki sake. Ban da abin da ta jawo miki na ɓacin rai, a ƙasar nan doka ce. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan leƙen asirin wayar wani, kuma a 2018 an yi shelar cewa har tsakanin mata da miji. Ba na ce zai kai ki ƙara ba, na faɗa ne don ki san ba ƙaramin abu ake ɗaukarsa ba.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Yau ki goge manhajojin sayayyar daga wayarki, ki ce wa ƙawarki kada ta sake karɓar miki komai ko kin roƙe ta. Ki samu takarda ki rubuta bashin duka, da ranar da kowane kashi zai faɗo, da zubin adashin da ya rage. Wanda kika kwasa dole ki ƙarasa shi, haƙƙin mutane ne. Ɗayan ki je wajen uwar adashi ki nemi ta sa wata a gurbinki ta mayar miki da abin da kika zuba, ko a matso miki da kwasarki. Ki jawo kwalayen, abin da bai wuce lokacin mayarwa ba ki mayar, sauran sababbin ki nuna wa 'yan'uwa masu zuwa Umara, da ma tsaraba suke nema, ko da ragi ne. Kada dai ki mayar da abin sana'a, igamar iyali ba ta ba ki izinin kasuwanci ba. Gwal ɗin da ya rage kuma ki bar shi inda yake. Kin riga kin ga yadda ake yi: ranar saye kin biya kuɗin ƙira da haraji, ranar sayarwa nauyin kawai mai shago ya auna ya ba ki. Sadakinki ne, halalinki, ba ki saci na kowa ba da kika sayar. Amma shi ne kaɗai abin da mace baƙuwa ke da shi na ranar tsiya, bai kamata ya tafi a kan jaka ba.

Sannan ki same shi. Ba ranar da ya dawo a gajiye daga lodin kaya ba, ki bari sai daren Juma'a ko bayan ya huce, yara sun kwanta. Ke za ki je falon, kada ki jira ya dawo ɗaki. Ki ajiye takardar a gabansa ki ce: "Baban yara, na yi kuskure, kuma na fi so ka ji daga bakina. Ga abin da ake bina, ga abin da na sayar, ga yadda na fara biya." Ki tsaya nan. Kada ki ƙara da "ai kai ka jawo", kada ki ce "kai ma ai na ga naka". In kika haɗa laifinki da nasa a zama ɗaya, ba tuba kika zo yi ba, ciniki kika zo, kuma zai ji haka. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi miki shiru kwana biyu. Ki ƙyale shi ya yi. Awarwaron zai fi yi masa ciwo fiye da bashin, don shi ya sa miki shi, ki shirya wa wannan.

Bayan ƙura ta lafa, mako ɗaya ko biyu, sai zama na biyu, a nan za ki faɗa masa kin duba wayarsa, ki ba shi haƙuri, ki nemi abu biyu. Ya buɗe miki lissafin gidan, abin da ke shigowa da inda yake tafiya, har da Katsina. Sannan ya yanka miki wani abu duk wata, ko 200 ce ko 300, gwargwadon ƙarfinsa, wanda yake naki ne, ba fatura, ba tambaya. In kin ga dama ki tara wata uku ki yi anko, in kin ga dama ki aika wa mahaifiyarki. Kuɗin cefane kuma ya ba ki na wata a dunƙule ya bar ki ki juya. Yawancin matan da aka ba wa amanar lissafi sun fi mazan tsimi, don da ka ga ƙasan tukunya hannunka da kansa yake rage ludayi. In ya ƙi duka biyun, ya ce ba ruwanki da abin da yake samu, ya ci gaba da ƙirga miki tumatir, to a sa babba a ciki, wanda yake jin nauyinsa a nan Jidda, kafin a kai maganar gida inda za ta zama ta dangi biyu.

Kin tambaye ni ko ya daina sonki. Ban ga zuciyarsa ba. Na dai ga mutumin da ke biyan 14,400 a shekara don kada ya kwana a gari ɗaya ke kina wani, wanda kuma da ya yi fushi iyakarsa falo. Abin da ya daina shi ne kyauta, kuma ki gaya masa kina kewarta, ba kunya a ciki. Ki ce masa ba sai ta yi tsada ba. Maza da yawa in ba za su iya yin irin ta da ba sai su daina gaba ɗaya, suna ganin ƙaramar za ta zama abin raini. Kwalbar turare ta riyal 20 daga kasuwar Balad, in shi ya zaɓo ta da kansa, ta wadatar, amma sai kin faɗa masa da bakinki, ba zai gane da kumburin fuska ba.

Ankon kuma ba za ki yi ba. Ki kira ƙawar taki tun yanzu ki ce mata bana a yi miki uzuri, ita ta fi kowa sanin dalili, kuma za ta fi son ki biya abin da ke kan sunanta da ki yi kala ɗaya da ita a hoto. Bikin ki je, ki kai gudunmawar da za ki iya, ki kama musu aiki tun da rana. Za a samu mai kallonki daga sama zuwa ƙasa ta ce, a'a, Maman Biyu, ba ki samu ankon ba ne? Ki ce mata ban yi ba, ki tambaye ta ina za a ajiye kulolin shinkafa. Cikin kwalayen nan ki zaɓi abaya ɗaya da ba ki taɓa sawa ba ki bar wa kanki, ki nuna wa maigidan kafin ranar, ita za ki sa.

Gwaggonku